Tankar Saje Mai Launin Ganyen Dawa

Funtua,
Ranar Laraba.

Zuwa ga autana Mahadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Yasmin da 'yar jaririyarku. Ya aiki, ya Kaduna, ya ƙarin haƙurinmu? Ni dai alhamdu lillahi, ƙafar ta yi sauƙi, takaba kuma tana tafiya yadda Allah Ya so.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba. A waya ba ka bari in kai ƙarshen magana, da na fara sai ka ce in gane. To na gane, shi ya sa na ɗauko biro. Na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu a Malumfashi, ai ba zan kasa rubuta wa nawa ba.

Jiya Alhaji Quadri ya zo, ɗan Mama Bola mai atamfa. Ya yi ƙiba, ya tara gemu, amma Hausar Funtua tana nan a bakinsa, Legas ba ta cinye ta ba. Ya durƙusa ya yi mini ta'aziyya har da hawaye, na kuma yarda da hawayen, don mahaifinka ne ya ɗora masa jarabar tara ƙananan tankokin yaƙi tun yana yaro yana leƙen tagarmu. Sai da ya gama sannan ya ce kai ka turo shi ya yi wa tankokin kuɗi saboda rabon gado, in an daidaita kuma shi zai saye su duka. Mahadi, a bakin baƙo zan ji wannan?

Ban hana shi ba, na buɗe masa shogilas ɗin falo. Ka san ni da tankokin nan ba shiri muke ba. Tun da mahaifinka Saje ya ajiye kaki yake aika kuɗin fanshonsa ana kawo masa kwalayen ɓaraguzan roba, ya zauna ya manna da gam, ya shafe da fenti, ni kuwa ina ta mita. Saboda haka ba ni ce zan tare ƙofa in ce kada a sayar ba.

Quadri ya fito da wasu katuna masu launi-launi, kowane da lambarsa, da 'yar fitila. Ya riƙa kara kati a jikin kowace tanka yana gyaɗa kai. Ya ce a wurin masu tara irin wannan kaya haɗi rabin aiki ne, launi shi ne kuɗin. In fentin ya yi daidai da na tankar gaske da aka kwaikwaya, rububinta ake yi, in ya kauce ko da kaɗan ne, ta koma abin wasan yara. Duk suka haye sai ta ƙarshe, irin wadda mahaifinka ya tuƙa a Laberiya. Ya juya ta ya sake juyawa, ya ce bai taɓa ganin haɗi mai kyanta ba, amma korenta ya yi rawaya da yawa, sojoji ba su taɓa shafa irinsa ba. Wai zai tafi da ita a jiƙa ta a ruwan cire fenti, a sake fesa mata na gaskiya, kuma wai ka riga ka amince.

To ka saurara. Ba ka nan lokacin da aka yi tankar nan. Ciwon suga ya riga ya cinye idon mahaifinka, da yatsa ya haɗa ta, yana lalube, in wani ɗan guntu ya faɗi ni ke rarrafe in nemo. Da aka zo fenti, sai na ga tsohon soja yana neman yin kuka a kan roba. Na ce ya faɗa mini launin, ni zan shafa. Ya ce kore ne irin na ganyen dawa. Na fita bayan gida na tsinko ganye, na haɗa fenti har ya yi daidai da shi. Ya riƙe mini tsintsiyar hannu yana nuna mini inda burushi zai bi, yana faɗa, ina ramawa. A duk zaman aurenmu ban taɓa taya shi wannan aiki ba sai a ita, daga ita kuma bai ƙara haɗa wata ba.

Sauran ku sayar, ban ce uffan ba. Wannan kam ba mai jiƙa ta a komai. Na faɗa wa Quadri haka, ya sunkuyar da kai ya ce zai yi magana da kai. Ku yi ta maganarku.

Ka gaida Yasmin, ka ce ta daina ba yarinyar nan ruwan firij. Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifiyarka,
Malama Hansai.

Funtua,
Ranar Asabar.

Zuwa ga Mahadi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyalinka, da fatan zazzaɓin da ka ce kana ji ya sauka. Ka sha magani ka ƙarasa shi, na san halinka da ajiye rabi. Nan duk lafiya, an fara karyar masara a gonar Maska.

Saƙonka ya iso, da hoton da ka wanko na Saje yana tsaye jikin tankarsa. Na gode da hoton, ban taɓa ganinsa ba, ashe haka ya rame a can bai faɗa mini ba. Na kuma karanta hujjarka. Ka ce ba kuɗi ne ya dame ka ba, Quadri zai jera tankokin a baje kolin masu tara su da sunan mahaifinka a sama, kuma ba ka so masana su tsaya su yi wa soja dariya cewa bai san launin tankar da ya tuƙa ba. Na ji wannan, har ta taɓa ni. Kai ɗa ne, kana kishin sunan ubanka, ban ga laifinka ba.

Bari in ba ka abin da zai faranta maka rai: kuna da gaskiya. Na ɗora hoton kusa da tankar, ko makaho ya shafa ya san ba ɗaya ba ne. Ta hoton korenta ya yi duhu, tawa ta yi fatsi-fatsi. Na zauna ina ta juya abin a raina, don na san ban yi ganganci ba, ganye na sa a gabana. Sai na tashi na zaga bayan gida na tsinko ganyen dawar da ke nan yanzu, na kara a jikinta. Wallahi kamar a jikinta ya tsiro.

Nan na gano inda gizo ke saƙar. Bara war haka muka yi fentin, ana gab da kaka, dawa ta fara bushewa, ganye ya juya. Shi kuwa Saje da ba ya gani, dawar da ke cikin kansa ta tsakiyar damina ce, mai duhun nan da ake gani in taki ya kama. Ya ce ganyen dawa, na kawo ganyen dawa. Shi bai tambaye ni yadda gona take ba, ni ban tambaye shi wane wata yake nufi ba. Ɗan manomin Maska da 'yar manomin Dayi, a ce dawa ta yi mana haka. Na yi dariya ni kaɗai har na riƙe ciki, daga nan kuka ya karɓa, na yi shi son raina.

Kada ka fara murna. Sanin da na yi bai canja komai ba, sai ma ƙara mini taurin kai. Ranar da fentin ya bushe ya ɗauke ta ya shafa ta ko'ina, ya tambaye ni ko ta yi, na ce ta yi, ya ce to in dai na ce ta yi, ta yi. Da wannan ya tafi kabarinsa. Yanzu ku ce a kankare a fesa launin kati? In an fesa za ta yi daidai da hoto, na yarda, amma hannunsa da nawa sun fita daga jikinta, sai ta zama tankar Quadri. Masanan kuma su yi ta dariyarsu a kan wata, wannan ba za su gan ta ba.

Yayarka ta zo daga Dandume shekaranjiya, na san kai ka turo ta. Ta yi ta zagaye-zagaye, wai kada in ja mutane su ce Umma ta ruɗe a kan abin wasa, wai kayan gado ne ba ni kaɗai ke da su ba. Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, ban musa ba. Ban sace ba, ban ɓoye ba. Na dai ɗauke tankar daga falo na kai ɗakina, na ɗora a kan kabad, don na lura da yadda yayarka take kallon shogilas da babbar jakarta a hannu. Ranar rabo zan fito da ita da kaina in ajiye a gaban malam. Ina da tumunina a dukiyar mijina, Allah ne Ya ba ni, ba ku ba, a ciki zan karɓe ta.

Ka daina cewa Yasmin ta kira ni tana lallashi, kunyarta nake ji, kana sa yarinya a tsaka mai wuya. Ina yi muku addu'a kullum.

Taka,
Umma Hansai.

Funtua,
Ranar Litinin.

Zuwa ga autana,

Assalamu alaikum. Ina fata kun isa gida lafiya, hanya ba ta wahalar da jaririyar ba. Na gode da atamfar fitar takaba, ta yi kyau, sai dai ka san ba na son ja. Yasmin ta bar ɗankwalinta a nan, ga shi cikin leda tare da takardar.

Ka tafi ba ka yi mini sallama yadda ka saba ba, daga bakin ƙofa ka ɗaga hannu. Na ga fushin, na kuma san dalilinsa, don haka zan faɗa maka abin da ban iya faɗa a gaban baffanninka ba.

Na san da kyakkyawar niyya ka yi. Da Malam Abdulrahman mai rabon ya zo kan tankokin, Quadri ya faɗi kuɗin kowace, da ya zo kan tawa ya ce tsakani da Allah a yadda take ba ta da kasuwa. Bai yi ƙarya ba, aikinsa ya yi, kuma na ga yadda abin ya yi masa nauyi. Sai kai ka yi caraf ka ce tunda ba ta da wata daraja, kai da yayarka kun yafe, a bar wa Umma kyauta, kada ma a sa ta a lissafi. Kowa ya ce madalla, baffanninka suna sa maka albarka. Kai a ganinka ka kashe rigima, ka ba ni abin da nake so.

Mahadi, gara a ce ka mare ni. Abin da mahaifinka ya lalube da yatsa, abin da na durƙusa a kansa har bayana ya ƙage, shi za a tura mini gefe kamar tsohon buhu, a ce ɗauki, ba ya cikin dukiya? Ni ba sadaka na zo nema ba a rabon gadon mijina. Shi ya sa na ce ban karɓa ba, a yi mata kuɗin wadda ta fi kowace tsada a shogilas, a cire a tumunina.

Na ga yadda ka zaro ido da Malam ya ce in aka yi haka rabona na masarar bana ya tafi gaba ɗaya. Ya tambaye ni ko na fahimta, ya sake tambaya, ya ce shari'a ba ta tilasta mini ba. Na ce na sani, ba ta kuma hana ni ba. Yayarka ta ja mini hijabi, na buge hannunta. Ba ruɗewa na yi ba, kuma ba don in kunyata ka ba ne. So nake a faɗi kuɗinta da ƙarfi a tsakar gidan nan, a gaban dangin Saje, kamar yadda aka faɗi na gona da na babur. An kuwa faɗa, kowa ya ji. Quadri da zai tafi da sauran ya tsaya ya daɗe yana kallonta.

Yanzu ga gargaɗi. Na san abin da ke ranka, don ni na haife ka. Kada ka kuskura ka aiko mini da buhun masara ta hannun yayarka ko ta hannun direba da sunan tsaraba, zan gane, kuma a motar da ya zo zai koma. In ka mayar mini da masarar, ka mayar da tankar kyauta ke nan. Ina da ɗan fanshona, zan auna a kasuwa kamar kowa, tuwo ba zai gagare ni ba. In kana son yi mini alheri ka zo da kanka, ka kawo mini jikata, ka ci abin da na dafa ko yaya yake.

Tankar ta koma falo, ita kaɗai a shogilas, wurin ya yi mata yawa. Na saye ta da abincin shekarata, da tsada na saya, ina sane. Sai in ga wanda zai ƙara buɗe baki a gidan nan ya ce ba ta da daraja.

Ka huce, ka kira ni, a wannan karon zan bar ka ka kai ƙarshen maganarka. Ka gaida Yasmin, ka shafa mini kan yarinyar. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa ku gama da duniya lafiya.

Mahaifiyarka mai ƙaunarka,
Malama Hansai, matar Saje.