Inda Baba Yake Ranar Wasanka

Villa Serena,
9 ga Fabrairu.

Zuwa ga Yayana Eulogio,

Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa da ta daɗe ba ta ga yayanta ba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Griselda da yara da jikoki. Yaya sanyin New York, yaya kuma gwiwar taka? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Maigidana ya daina zuwa gonar rake, yanzu aikinsa zama a baranda yana gyara wa gwamnati kurakuranta. Jikata Yocasta ta shiga ajin ƙarshe a tsohuwar sakandarenmu. Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali muna da waya, amma maganar nan idan na fara ta da baki kuka zai hana ni ƙarasawa.

Maganar gidan wasan kwaikwayo na makarantarmu ce. Shekara uku ke nan yana rufe, tun da gara ta ci rufin, ruwa ya riƙa zuba a kan kujerun gaba. A watan jiya injiniya ya zo ya duba, ya ce bangon zai ƙara shekara ɗari, amma dandamalin sai an ɓamɓare shi duka an zuba na siminti. Aka kira taron tsofaffin ɗalibai ranar Lahadi bayan coci, a cikin zauren. Yaya, da na shiga warin nan na tsohon katako da labule ya buge ni, sai da na dafa bango. Mu wajen sittin ne, duk furfura, kowa na neman kujerar da yake zama a kai tun yana ɗalibi. Tolentino abokinka, wanda shi aka ba aikin rushewar, ya ce da ni har yanzu ina tafiya kamar wadda ta makara aji, ni kuma na ce masa tumbinsa ya riga shi shigowa da minti biyar.

Aka kawo Doña Casilda, malamarku ta wasa, a keken marasa lafiya. Shekararta tamanin da takwas, amma muryar nan tana nan. Ta ce kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya sai an saurare ta. Ta ba mu labarin yadda aka gina wurin a shekarar hamsin da biyu, tana ɗaliba: masu yankan rake suka ba da ranakun hutunsu, mata suka dafa musu abinci a bakin titi, aka jawo katakon maɗaci daga tudu da shanu. Nan aka fara kunna lantarki a garin nan, nan aka fara nuna majigi, tsofaffi suka ruga waje da suka ga jirgin ƙasa ya nufo su. Ta tuna mana guguwar saba'in da tara, wadda kai a rediyo ka ji ta, lokacin da rabin gari ya kwana tara a ciki, aka haifi yara biyu a bayan labule. Ta kuma ce dandamalin nan Babanmu ne ya shimfiɗa shi da hannunsa, yana da shekara ashirin da takwas, kuma har ya mutu yana alfahari da cewa katakonsa bai taɓa yin ko ƙara ba.

Bayan taro Tolentino ya ja ni gefe, ya ce akwai abin da yake so in gani. Ma'aikatansa sun riga sun ɗaga katako uku a tsakiyar dandamalin. Na durƙusa na leƙa. Babban katakon da ke ɗauke da tsakiya ya tsage tsawon kamu biyu, an tokare shi da wani gungume, kuma a jikin gungumen akwai tsaga uku a jere, alamar da Baba yake yi wa duk abin da ya fito daga hannunsa. A gefe ga wata tsohuwar gudumar katako, ga ɗan akwati da aka kife don zama. Tolentino ya ce shi bai gane ba, kafinta irin Baba ba ya gyaran wucin gadi ya bar shi shekara hamsin. Muka tura keken Doña Casilda har bakin ramin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce tunda gungumen ya tona, ita ma rantsuwarta ta ƙare.

Yaya, ranar wasanka ce. Ranar da ka fito a matsayin masuncin nan, kana da shekara goma sha bakwai, ka ajiye wa Baba kujera a layin farko, ka rubuta sunansa ka manna. Ta ce da safiyar ranar suna gwaji ta ji dandamalin ya yi ƙara, ta aika aka kira shi. Da ya shiga ƙasa ya ga tsagar, ya fito fuskarsa kamar an yi masa mutuwa. Babu lokacin canja katako, ga mutane sun taho har daga ƙauyuka. Ya tokare da gungume, amma ya ce da zarar kun fara rawar nan ta mutum ashirin zai goce, sai da mai buga shi yana mayarwa. Ya shige ƙasa kafin a buɗe ƙofa, ya zauna a duƙe awa biyu da rabi, kuna tsalle a kansa. Ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, don kada a ce katakonsa ya tsage. Bayan an watse ta ɗaga masa murfin ƙofar shiga ƙarƙashin dandamalin, ya fito yana goge ido, wai ƙura ce. Ya ce mata yaron yana taka ƙasa kamar alfadari, amma muryar ta uwarsa ce, kuma bai rasa ko kalma ɗaya ba.

Ka tuna yammacin nan a gida. Mama ta yi farfesun sancocho don murna, ka tambaye shi inda yake, ya ce aiki ne ya riƙe shi, ka ture kwanonka ka fita. Ni na wanke rigarsa washegari, duk yanar gizo-gizo da jar ƙasa a baya, na yi ta mita a raina ban tambaya ba. Shekarata goma sha uku. Da na tambaya, wataƙila da ba ku yi shekara biyu kuna wuce juna a gida ɗaya ba, da ba ka hau jirgi ba tare da ka yi masa sallama ba. Ba na kare shi, Yaya. Girman kai ne ya sa ya zaɓi sunan sana'arsa a kan zuciyar ɗansa, kuma ya biya. Na sha ganinsa yana juya wasiƙunka da ka rubuto wa Mama, yana neman inda ka ambace shi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na tsaya wa injiniyan a ofis har ya yarda ba za a taɓa tsakiyar dandamalin ba sai bayan bikin Ista. Ya ce bai taɓa haɗuwa da tsohuwa mai naci irina ba. Doña Casilda kuma ta ce in gaya maka ba ta yi alkawarin kaiwa damina ba, kuma har yanzu tana da gyara a kan yadda ka rera baitin ƙarshe. Tun rasuwar Mama ba ka taka garin nan ba, a lokacin ma kwana uku ka yi. Ba na ce ka zo ka yafe wa kowa ba, wannan tsakaninka da zuciyarka ne. Ka zo kawai ka durƙusa inda na durƙusa, ka ga wurin da idonka. Ina so in tsaya kusa da kai idan ka leƙa. Mu biyu kaɗai muka rage da muka san takun Baba idan ya shigo gida.

Ka gaida mini Griselda, ka gaida yaranku Wilfredo da Marisela da 'ya'yansu. Goggo Primitiva tana gaishe ka, ta ce ba ta gane ka a hoto ba saboda sanƙo. Maigidana da Yocasta da Tolentino duk suna miƙa gaisuwa. Allah Ya tsare mini kai, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Kada ka wahalar da kanka da doguwar amsa, ranar saukar jirgi kawai nake jira ka faɗa mini.

Ƙanwarka mai kewarka,
Nereida.