Kamarar bakin ƙofa

Asabar, 28 ga Satumba
An yi sadakar bakwai ta Malam. Autana Salman zai koma aikinsa a garin Port-Gentil gobe. Ya ce kamarar da ya kafa mana a bakin ƙofa bara, saboda ɓarayin unguwarmu Nombakélé, ta ɗauki babansa ranar da ya fita bai dawo ba. Har da muryarsa. "Inna, ki ce wa akwatin nan mai magana na falo ya nuna miki a talabijin, yana jin Faransanci." Na ce ba yanzu ba. Mai takaba ta zauna tana kallon miji gaban baƙi, a ce me? Sai bayan arba'in.

Laraba, 9 ga Oktoba
Ruwa tun safe. Butar Malam na nan inda ya ajiye ta.

Lahadi, 20 ga Oktoba
Na tsaya gaban akwatin. Har na buɗe baki. Maƙwabciyata Hawaou ta yi sallama, na ɗauki tsintsiya.

Alhamis, 31 ga Oktoba
An yi arba'in, mutane sun watse. Na kulle ƙofa, na yi wa akwatin Faransancina na kasuwa. Ya nuna min ƙofa, ba kowa sai akuyar maƙwabta. Na kira Salman. Ya daɗe yana danne-danne. Wai hoton wata ɗaya kawai abin yake riƙewa, sabo na shigowa yana share tsoho. Ya ɗauka ya adana a wayarsa, ashe bai yi ba.
Ranar da ya yi fitar ƙarshe, Malam ya juyo daga bakin ƙofa ya faɗi wata magana. Ina daka, ban ji ba. Na ce masa sai ka dawo.
Na kashe wa yaron waya.

Talata, 5 ga Nuwamba
Yana ta kira, ban ɗauka ba. Laifinsa ne ko nawa, oho.

Juma'a, 15 ga Nuwamba
Hawaou ta ce duk wanda ya tsaya a ƙofata, wayar Salman sai ta yi ƙara, ya gan shi. Bayan la'asar na fita, na tsaya. Na daɗe. Sai ga murya daga kamarar da ke bango, ta dishe: "Inna?"
Na ce, "Ka rame ko? Muryarka ta nuna. Me ka ci yau?"
Ya ce burodi.
Na yi masa faɗa sosai.
Iska na fita sha, ba wani abu ba.