Guguwa a Dutsen Baba

Barking, Landan

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya damina? Ya jikin Inna? Ya Anti Larai da yara? Mu nan lafiya lau, sai sanyi.

Jiya iska ta kayar da bishiya a kan layin dogo, aka yi cancel ɗin jirginmu. Ina tsaye a tasha hotunan dutsen Baba da ka turo suka shigo. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna.

Yaya, kada ka ce mini laifin guguwa ne. Baba ya bar maɗaci da ƙirya a gindin dutsen don su tare iska, Kawu Sale ya sare su ya yi gawayi. Shi ya sa guguwar bara ta haye ba abin da ya tsayar da ita. Ɗorawa da kaɗanyar tsakiya sun kwanta, har tsamiyar can sama da Baba yake hutawa a inuwarta. Yanzu ga shi daga ƙasa har sama sabara ce kawai ta tsiro. Inna ba kalwa, ba man kaɗe.

Ka gaya wa Kawu ban yafe ba, Allah ya isa. Takardar gayyatar da ya roƙe ni don ya zo Landan, na yaga ta. Kuma ranar da ya cika, kada a sari ko reshe ɗaya a dutsen nan don rufe kabarinsa. A rufe shi da gawayinsa.

Ka ce wa Inna ta sa ni a addu'a, zuciyata tafasa take. Ka gaida kowa da kowa, ban da shi.

Ƙanwarka,
Hadiza