Ƙofar da ba a shiga

Mama,

Ina gaishe ku da kyau. Yaya ƙafar Baba? Célestine ta daina tarin?

Muna lafiya. Maigidana Firmin yana ta gyaran hasumiyar cocin ƙauyen nan. 'Yan zuhudu ne suka gina cocin, shekara ɗari takwas ke nan. Bangon kauri gare shi, tagogin ƙanana, ciki duhu ko da rana tsaka. Ta arewa akwai 'yar ƙofa da aka sassaƙa wa furanni, irin wadda masoya ke haɗuwa a bakinta a littattafaina. Ran Lahadi magina suka bar ta a buɗe, sai na shiga ta nan.

Wata tsohuwa, Eulalie, ta ce, "Ke matar magini! Ta nan ake fitar da gawa, mai rai ba ya shiga. Ga ki da ciki kuma!"

Tun ranar mata ke matsawa in na zauna. Ban damu ba, karatuna nake yi.

Sai dai ungozoma ɗaya ce a ƙauyen, kuma Eulalie ce. Ki zo kafin Maris, watan haihuwata, Mama.

Allah ya bar mana ku.

'Yarki,
Honorine