Allo Biyar Kacal

Zuwa ga ƙanena Dehai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Meilan da jaririya. Allah ya raya ta, ya kuma tsare ku daga sanyin Kanada. Mu nan Shenzhen muna lafiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har tana sauka kasuwa ta yi faɗa da masu kifi. Maigidana Kang ma lafiyarsa lau, magana ce dai ya rage, musamman da ni.

Na ga saƙonka cewa a sake haɗa maka allon lantarkin da ke cikin na'urar nan taka ta ban ruwa, guda biyar kacal, don ka matsar da 'yar fitila gefe. Wannan kacal ɗin ce ta zaunar da ni rubutu. Ka yi karatu, Dehai, amma ba ka taɓa wuni gaban injinmu na haɗa allo ba. Allo biyar da dubu biyar duk shirinsu ɗaya ne: a yanka sabon farantin ƙarfe mai huji na shafa dalma, a sauke faya-fayan da ƙananan kayan haɗin wani ke naɗe a jiki a ɗora naka, a sake nuna wa inji inda zai ajiye kowace ƙwaya. Wuni guda ya tafi, haɗawar kanta kuwa kafin shayi ya huce an gama. Baƙo biyan wannan wunin yake yi, da tsada. Kai ban taɓa gaya maka farashinsa ba, don Mama ta ce abin kunya ne in karɓi kuɗin ƙanena.

Ka san tsoho Pang, mai kamfanin mitar wuta. Aikinsa ne ke biyan haya da ma'aikatanmu tun da muka sayi injin. Wancan watan da ka ce masu zuba jari na jiranka, kayansa ne a kan injin. Kang ya ce mu gama na Pang tukuna. Sai Mama ta kira tana kuka, wai na yi arziki na manta da wanda na goya. Na sa aka sauke na Pang aka ɗora naka. Wajen mayar da na Pang cikin gaggawa aka saka faifai ɗaya ba daidai ba, sai da muka warware aikin duka, jirgin da zai ɗauki kayansa kuma ya tashi ya bar su.

Pang ya zo da kansa. Na zuba masa shayi, bai ƙwanƙwasa tebur da yatsa ba yadda ake godiya a nan, bai kuma taɓa kofin ba. Cikin murmushi ya tambaye ni ya ƙanin nan namu injiniya, yana fata fitilarsa ta kama. Ya ce shi talaka ne mai biyan kuɗi, bai san sai da dangantaka ake shiga layi ba. Washegari direbansa ya zo ya kwashe farantansa daga kanta. A sana'armu wanda ya ɗauke farantansa ba ya dawowa. Kang ne ya taya shi lodi, bai ko dube ni ba.

Raina ya ɓaci da kai, ba zan ɓoye ba, har na rasa ko da kai nake fushi ko da kaina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne allunan da ka karɓa, ka rubuto cewa sun yi, sai dai fitilar ta matse kusa da maɓalli.

Ka gaida Meilan, ka sumbaci jaririya. Mama na gaishe ka, ba ta san komai ba, kada ka gaya mata. Kawu Shun ma ya ce a gaishe ka. Zanen allon naka kuwa ka aiko, ko goma ne, ba sai ka ba ni haƙuri ba. Mun sallami ma'aikata, injin yana nan a rufe da leda, yanzu babu wanda za a sauke wa kaya dominka.

Taka yaya,
Yulan