Na Haƙa Wa Ɓarawon Shawara Rami

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karatu. Don Allah ku ji ni tukuna kafin ku zage ni, kuma a sakaya sunana.

Bana aka ɗauke ni aiki a wani ƙaramin ofishi mai raba takin zamani a ƙasar Gumel. Ina zuwa na ga manoma suna yini a rana suna jira, sai na ce a taro me zai hana a riƙa kai musu takin ranar kasuwarsu. Da aka tashi, wani tsohon ma'aikaci da zan kira Malam Tanko ya ja ni gefe, ya ce a nan ƙarami ba ya magana gaban Maigida, wato shugaban ofishin, sai dai ya faɗa wa na sama ya kai. Na yarda. Ashe kaiwar ke nan! Ya maimaita maganata a matsayin tasa, aka sa masa albarka. Mutumin da ba ya komai sai cin goro da ɗaukar wa Maigida buta! Haka ya yi ta yi mini, ni kuwa ina gaishe shi a durƙushe, raina yana tafasa.

Hanyar gidanmu ta Ɗanzomo ce, kuma na sha ganin motar ofis ranar Asabar tana kwasar gyaɗa a gonar Maigida. Sai na raɗa wa Malam Tanko cewa tunda motar a ajiye take ranar Asabar, a riƙa aika ta Sule Tankarkar da taki. Na san abin da nake yi. Shi kuwa gogan, don neman suna, sai da ya bari baƙo ya zo daga babban ofishinmu na Kano sannan ya faɗa, har da rantsuwa shi ya yi tunanin. Direba ya ce ai motar ba ta taɓa zama ranar Asabar ba. Baƙon ya tambayi ina take zuwa.

Yanzu Maigida ya sa an mai da Malam Tanko can bayan Gagarawa, ga shi da mahaifiya tsohuwa makauniya da ba ta iya tafiya. Jiya Malam Tanko ya tsare ni a bakin masallaci ya ce, "Ɗana, ka san dai ba daga kaina ta fito ba." Na ce, "Malam, ai kai ka rantse."

Har yanzu ban ga ƙimarsa ba, ba zan ɓoye ba. Amma tsohuwar fa, me ta yi mini? In na faɗi gaskiya ni za a kora, ko watannin gwaji ban cika ba. In na yi shiru, da wane baki zan amsa ranar gobe? Jama'a, me zan yi?