Mutum Uku a Hoto

Saigon

Yaya Nguyet,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mama da mutanen Sa Dec baki ɗaya. Ga hoton bikin cikar Mama shekara tamanin nan na ba direba ya kawo. Na sa an faɗaɗa shi, an yi masa firam. Ki rataye mata a falo.

Ki dube shi da kyau, Yaya, ko kya ƙaru. Mama a tsakiya, 'yata Diem a dama, mijinta Vinh a hagu, hasken taga yana sauka a kumatun Mama. Na cire launin na bar shi baƙi da fari, haka manyan masu hoto ke yi. Ba irin naki na shago ba, ki tsayar da mutum gaban labulen da aka zana wa kogi, ki ce ya ɗaga haɓa kamar mai haɗiyar magani. Ranar bikin kin wuni kina kumbure-kumbure don na ce ba sai an ɗauke ki aiki ba. To ga shi, ni da nake yi don nishaɗi ranar Lahadi, ko dong ɗaya na kuɗin aiki ban karɓa ba. Ki gaya mini, a kan me ake biyan ki?

Ƙaninki mai girmama ki,
Loc

Sa Dec

Loc,

Na gaishe ka don ciki ɗaya muka fito, ba don ka cancanta ba.

Hotonka ya iso. Mama ta sa tabarau ta ƙirga da yatsa: ɗaya, biyu, uku, kuma ita ce a tsakiya. Kai wai ɗan ina ne? Ko mai tallan kifi a bakin kogi ta san ba a ɗaukar mutum uku, na tsakiyan ne ke riga mutuwa. Tun kana yawo ba wando nake wannan aiki, in mutum uku suka shigo shagona sai na jawo na huɗu, ko da maƙwabciyata ce mai sayar da kofi. Bai ishe ka ba, ka cire launi, ka sa baƙin firam, sak na marigayi Baba da muke kunna wa turare. Mama ta dube ni ta ce, "Loc har ya shirya nawa ke nan?"

Tun ranar ba ta sa shinkafa a baki ba. Ta fito da rigar da take so a binne ta da ita, wai in goge mata. Kai kuma hasken taga ka gani! Ka sayi kyamara mai tsadar babur ka rataya a wuya, shi ke nan ka zama mai hoto. Bari ni ma in sayi sifana in zo in buɗe gyaran babura kusa da naka shagon gyaran.

Ka huta lafiya, in za ka iya.
Nguyet

Saigon

Yaya,

Sannu da ɗawainiya. Camfi ne fa wannan, ke ma kin sani. Amma na kira Mama a waya, muryarta ta ba ni tsoro, da ƙyar nake jin ta. Ina iya goge Vinh a kwamfuta su koma biyu. Ko in ƙara kare a gefe su cika huɗu. Don darajar Baba ki gaya mini wanne zan yi.

Ƙaninki,
Loc

Sa Dec

Loc,

Ina gajiya? Kare! A hoton uwarka! Tir. Na gaya mata batun gogewar, ta ce, "In ya goge hoton, ranar ma goge ta zai yi?" Bar kwamfutarka ta huta.

Jiya na ɗauki hoton na zauna a bakin gadonta. Na ce, "Mama, idonki ya tsufa. Dubi hannun Diem, a ina ta aza shi?" Ta ce a ciki. Na ce, "Matan garin nan wace ce ban ɗauka ba? In kin ga hannu a nan, mace ba ita kaɗai ba ce. Ku huɗu ne a hoton nan." Ta ƙara duban hoton, sai ta ce in ɗumamo mata miyar kifi. Ta shanye ta nemi ƙari, ta kuma zage ni wai gishiri ya yi yawa. Rigar ta koma akwati. Yanzu haka 'yar hular jariri take saƙawa.

Sai na ji daga gare ka.
Nguyet

Saigon

Yayata ta kaina,

Gaisuwa da godiya, na sara miki! Ina gama karantawa na hau babur sai gidan Diem, ina ihu zan zama kaka. Ta dube ni kamar na zare. Wai babu komai, ranar cin abinci ta yi da yawa rigar ta matse ta, shi ya sa ta riƙe ciki. Ko ita ce ba ta sani ba tukuna? Me kika gani wanda ni ban gani ba?

Ƙaninki,
Loc

Sa Dec

Loc,

Muna lafiya. Ban ga komai a cikin Diem ba. Uwata na gani tana shirin mutuwa a kan hoton kyauta. Ka tambaye ni a kan me ake biya na, to ka ji.

Ka gaya wa Diem da Vinh su daina wasa. Mama ta kusa gama hular.

Yayarka,
Nguyet